Waƙa Babu Amsa-amo: Abin da Ya Ɗaukaka Whitman da Dickinson a Adabin Amurka

Tambaya: Wata ɗalibar adabi ta rubuto tana cewa, "An gaya mana Walt Whitman da Emily Dickinson su ne ginshiƙan waƙar Amurka. Na karanta Whitman ban ji kari ba, ban ga amsa-amo ba, sai ka ce zube aka yayyanka. Ita kuwa Dickinson waƙoƙinta gajeru ne, amsa-amonta yana tuntuɓe, kuma an ce ko ƙofar gida ba ta fita. Me ya ɗaukaka su, kuma dole ne sai na san tarihin rayuwarsu kafin in fahimce su?"

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya, domin kunnen da ya tashi da rubutacciyar waƙar Hausa, wadda ta gaji ma'aunin Larabci, ya saba jin kowane ɗango ya yi daidai da ɗan'uwansa, kowane baiti kuma ya sauka a kan amsa-amo ɗaya tun daga yabon buɗewa har zuwa rufewa. Amurkawan wancan zamani ma haka kunnensu yake. Mawaƙin da ya fi kowa farin jini a lokacin shi ne Henry Wadsworth Longfellow, wanda yake bin ma'aunan Turai sau da ƙafa, yara suna haddace waƙoƙinsa a makaranta. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a wajen Whitman da Dickinson zubin waƙa shi ne rabin saƙonta. Kowannensu ya san ƙa'ida sarai, kuma ya karya ta ne a daidai inda abin da yake son faɗa ya ƙi shiga cikinta.

An haifi Whitman a 1819 a Long Island ta jihar New York, ɗan kafinta ne, kuma ya bar makaranta yana da kimanin shekara 11 ya shiga koyon aikin ɗab'i, inda ake jera haruffa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya taɓa koyarwa, sannan ya zama ɗan jarida, har ya riƙe editan jaridar Brooklyn Daily Eagle daga 1846 zuwa 1848. A shekarar ta 1848 ya yi 'yan watanni a New Orleans, birnin da ake gwanjon bayi a fili. A 1855 ya buga Leaves of Grass, wato ganyen ciyawa, da kuɗin aljihunsa: waƙoƙi 12 marasa suna a cikin shafi 95, wasu shafukan ma da hannunsa ya jera haruffansu. Babu sunan mawallafi a shafin farko, sai hoton wani mutum sanye da rigar aiki mai buɗaɗɗen wuya, hula a karkace, hannu ɗaya a ƙugu. Wannan littafi ɗaya ya yi ta sake wa zubi yana ƙara masa waƙoƙi har ya rasu a 1892, lokacin da suka kusa 400.

To ina ma'aunin? Idan kika karanta shi da ƙarfi, ba a zuci ba, za ki ji cewa ɗangonsa yana tsayawa ne inda numfashi ya ƙare, kuma abin da ke riƙe da waƙar shi ne maimaici: ɗango biyar ko goma su fara da kalma ɗaya, ko kuwa ɗango na biyu ya sake faɗin abin da na farko ya faɗa da wasu kalmomi, ya ɗan ƙara masa nauyi. Wannan dabara ya ɗauko ta daga fassarar Baibul ta Ingilishi ta 1611, musamman Zabura, da kuma bakin masu wa'azi da masu jawabin siyasa, da waƙoƙin wasan opera na Italiya da yake yawan zuwa sauraro a New York. A nan kunnenki yana da abin da zai taimake shi, domin kirari ma ba ya jiran amsa-amo, maimaici da jeranta siffofi da hawan murya su ne ke ɗauke da shi, kuma babbar waƙar Whitman, Song of Myself, kirarin kai ce tun daga ɗangonta na farko, har ma yana ambaton sunansa a tsakiyarta. Bambancin shi ne mai kirari yana ware kansa daga sauran maza, shi kuwa Whitman cewa yake yi duk ƙwayar halittar da ke jikinsa tana jikin mai sauraro, saboda haka yabon da yake yi wa kansa ya haɗa da kowa.

Ki duba kashi na 15 na wannan waƙa, domin a nan ne ake ganin aikin salon a kusa. Jerin mutane ne kawai, kowa da ɗangonsa guda, kowa yana tsakiyar abin da yake yi: kafinta yana gyara katakonsa, matuƙin jirgin ruwa yana riƙe da sitiyari, an ɗauki mai taɓin hankali za a kai shi asibiti, ana sayar da wata yarinya baiwa a dandalin gwanjo, amarya tana gyara farar rigarta. Can sai ga karuwa tana jan mayafinta a ƙasa, taron jama'a suna yi mata dariya, mawaƙin ya tsoma baki ya ce shi ba zai yi mata dariya ba, sannan ɗango na gaba kai tsaye shi ne Shugaban Ƙasa yana zaman majalisa da manyan sakatarorinsa. Bai sa kalmar girmamawa ga wannan ba, bai sa ta ƙasƙanci ga waccan ba, kuma babu wanda aka ajiye a gurbin amsa-amo domin ya fi saura fitowa. Jigon Whitman shi ne daidaiton 'yan Adam a ƙasar da ke kiran kanta ta dimokuraɗiyya alhali tana riƙe da miliyoyin bayi, kuma jerin nan shi ne hujjarsa. Da ya zuba waɗannan mutane a baitoci masu amsa-amo, dole wani ya zama ado ga wani.

Ciyawar da ya sa wa littafin suna ita ma alamtarwa ce da ya yi wa aiki mai zurfi. A kashi na 6 wani yaro ya cika hannunsa da ciyawa ya kawo masa yana tambaya mece ce wannan, sai ya ce shi ma bai fi yaron sani ba, sannan ya shiga kintace: ko tutar halinsa ce, ko hankicin Ubangiji ne da aka yar da gangan domin a tsinta a tambayi mai shi, ko wani rubutu ne da ke tsirowa tsakanin baƙaƙe da farare ba tare da bambanci ba. Daga ƙarshe ya ce gashin kaburbura ce da ba a aske ba, daga nan kuma waƙar ta juya zuwa ga matattu, samari da tsofaffi da jarirai, waɗanda ciyawar ke fitowa daga jikinsu. A cikin 'yan ɗangaye ya tashi daga tambayar yaro ya isa ga mutuwa, kuma bai ɗaga murya ba.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya sauya shi. A Disambar 1862 ya ga sunan ƙanensa George cikin waɗanda suka ji rauni a Fredericksburg, ya tafi nemansa, ya tarar raunin ba mai tsanani ba ne, amma a bakin wani gida da aka mayar asibiti ya ga tulin hannuwa da ƙafafu da aka yanke. Daga nan ya zauna a Washington yana zagaya asibitocin soja, yana kai wa marasa lafiya lemo da taba da takarda, yana rubuta musu wasiƙu zuwa gida, yana zama kusa da masu gargarar mutuwa. Waƙoƙin da suka fito daga wannan, a littafin Drum-Taps na 1865, sun fi na farko gajarta da sanyin murya. Bayan an harbe Shugaba Abraham Lincoln a ranar 14 ga Afrilu 1865 ya yi masa marsiyya fiye da ɗaya, kuma biyu daga ciki sun isa su amsa tambayarki. Ɗaya, O Captain! My Captain!, tana da kari da amsa-amo tsaf, ita ce kuma jama'a suka fi so yana raye, wanda ya nuna cewa rashin iyawa ba shi ne ya hana shi bin ƙa'ida ba. Ɗayar, When Lilacs Last in the Dooryard Bloom'd, doguwa ce, ba ta ambaci sunan Lincoln ko sau ɗaya ba, an saƙa ta da abubuwa uku da ke ta komowa: furen lilak mai ƙamshi da ke buɗewa a watan da aka yi kisan, da tauraruwar da ke faɗuwa a yamma, da wani tsuntsu mai kaɗaici da ke kuka a fadama, yayin da jirgin ƙasa ke ratsa garuruwa da akwatin gawa. A ganina wannan ta biyu ta fi ta farko nesa ba kusa ba, domin komowar abubuwan nan uku tana yin aikin da amsa-amo ke yi, tana kuma barin baƙin cikin ya yi tsawon da yake bukata.

Ba na ɓoye miki rauninsa. Akwai jerin da ya yi tsawo har ya gajiyar, akwai inda ƙarar murya ta fi ma'ana yawa. Ya rubuta wa littafinsa sharhin yabo a jaridu ba tare da sa suna ba, kuma da babban marubuci Ralph Waldo Emerson ya aiko masa da wasiƙar yabo a 1855 sai ya buga ta ba da izini ba. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, mutumin da ya rubuta yadda ya karɓi bawa gudajje a gidansa, ya wanke shi, ya ɗaure masa gyambon wuya da na idon sawu, ya zaunar da shi a teburinsa, ya bar maganganu a rubutunsa na zube da ke nuna bai kuɓuta daga ƙyamar baƙar fata ta zamaninsa ba. Waƙar ta fi mai ita faɗin zuciya, shi ya sa Langston Hughes, mawaƙin Amurka baƙar fata, ya ɗauki muryar Whitman ya amsa masa da cewa shi ma, ɗan'uwa baƙi da ake tura wa kicin in baƙi sun zo, yana rera Amurka. Ya kuma sha wahala a kan waƙoƙinsa na jiki da sha'awa: an kore shi daga aiki a Ma'aikatar Cikin Gida a 1865, kuma a 1882 barazanar lauyan gwamnati ta sa kamfanin da ke buga littafin a Boston ya janye.

Dickinson ta bi wata hanya dabam. An haife ta a 1830 a Amherst ta jihar Massachusetts, a gidan manya: mahaifinta lauya ne, ma'ajin Kwalejin Amherst, ya kuma taɓa zama ɗan majalisar tarayya. Ta yi karatu mai kyau, har da ilimin tsirrai, ta haɗa kundin busassun furanni sama da 400. A makarantar 'yan mata ta Mount Holyoke, inda ta yi shekarar 1847 zuwa 1848, ana kasa ɗalibai gwargwadon imaninsu, ita kuwa ta kasance cikin waɗanda ba su miƙe sun yi shaidar tuba ba, kuma har ta rasu a 1886 ba ta shiga rajistar majami'a ba, ko da yake Allah da lahira ba su bar bakin alƙalaminta ba. Ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, amma kimanin goma kacal aka buga tana raye, babu sunanta, kuma editoci sun taɓa su. Kimanin 800 ta kwafe da kyau a takardun da ta ninke ta ɗinke da zare, ƙananan littattafai 40, waɗanda ƙanwarta Lavinia ta tarar bayan rasuwarta.

Ita tana da ma'auni, kuma sananne ne ga kowa a garinsu, domin shi ne na waƙoƙin majami'a irin na Isaac Watts: baiti mai ɗango huɗu, gaɓa takwas, shida, takwas, shida. Ta ɗauki zubin da mutanenta ke rera yaƙini da shi ta zuba masa tambaya. Tuntuɓen da kika ji a amsa-amonta da gangan ne, kuma ga misali. A waƙar da ta fara da I heard a Fly buzz, mai magana tana ba da labarin mutuwarta: ɗaki ya yi tsit kamar shirun da ke tsakanin kadawar hadari biyu, 'yan'uwa sun yi kuka har hawaye ya ƙafe, an yi wasiyya, kowa yana jiran lokacin da Sarki zai bayyana. Abin da ya bayyana ƙuda ne, yana ta ziza yana karo tsakaninta da haske, sai tagogi suka dushe, gani ya ɗauke. Baitoci uku na farko duk rabin amsa-amo ne, Room da Storm, firm da Room, be da Fly, kunne yana ta jira ba a biya shi ba. Sai a baiti na ƙarshe sauti ya cika, me da see, a daidai inda idon ya rufe. Cikar da aka yi ta jira ta zo, amma tare da duhu ta zo, kuma waƙar ba ta ce komai ba game da abin da ke bayansa.

Waƙar da na fi son a koyar ita ce Because I could not stop for Death. A nan ta yi mutuntarwa, ta mai da mutuwa wani dattijo mai ladabi da ya tsaya ya ɗauke ta a keken doki, su biyu sai Dawwama ta uku. Suna tafe a hankali, suka wuce makaranta yara suna wasa, suka wuce gonakin hatsi, suka wuce rana tana faɗuwa, wato ƙuruciya da girma da tsufa a ɗango huɗu. Sai baiti na huɗu ya buɗe da gyara: a'a, ranar ce ta wuce su. Raɓa ta sauko da sanyi, mai maganar ta lura rigar jikinta shara-shara ce. A wannan baiti kaɗai ta juya ma'aunin, ya koma shida, takwas, takwas, shida, saboda haka kunne yana jin keken ya yi gargada a daidai inda mai tafiyar ta gane cewa ta fita daga cikin lokaci. Bayan nan suka tsaya a gaban wani gida da bai wuce kumburin ƙasa ba. Wanda ya iya wannan ba za a ce bai san kari ba.

Haka ma ɗan layin nan a kwance da take yawan sawa a maimakon aya ko waƙafi, da manyan baƙaƙen da take fara sunaye da su a tsakiyar ɗango. Layin yana tsayar da numfashi, yana barin jimla a rataye ta yadda za ta iya jingina da abin da ya gabata ko abin da ke tafe, kuma sau da yawa waƙar a kansa take ƙarewa, ba a rufe ta ba. Jigoginta kaɗan ne amma ta haƙa su da zurfi: mutuwa, da raɗaɗin zuciya da abin da ke biyo bayansa, da tsuntsu da ƙudan zuma da macijin cikin ciyawa, da ƙauna, da gardama da Mahalicci irin ta wanda bai daina saurare ba.

Yanzu ga rabin tambayarki na biyu. Tarihin rayuwa yana da amfani inda ya bayyana zubi. Sanin cewa Whitman maɗaba'i ne yana bayyana yadda ya ɗauki littafi kamar abin da ake ginawa ana rushewa, sanin cewa Dickinson ta tashi da waƙoƙin majami'a, kuma daga 1840 zuwa 1855 gidansu yana dab da maƙabartar gari, yana bayyana abubuwa da yawa. Shekarunta mafi yawan rubutu sun faɗo cikin yaƙin basasa, lokacin da ake kawo gawarwakin samarin Amherst gida. Amma labarin farar riga da kulle kai a ɗaki ya cinye waƙoƙinta a bakin mutane, har ana karanta kowace waƙa ana neman saurayin da ya yaudare ta. Gaskiya ne a shekarunta na baya ta daina fita, sai dai ta yi ta musayar wasiƙu da mutane da yawa, kuma matar wanta, Susan, ta karɓi waƙoƙi sama da 250 daga hannunta. A Afrilun 1862 ta aika wa marubuci Thomas Wentworth Higginson waƙoƙi huɗu tana tambaya ko suna da rai, kuma a wata wasiƙa ta wannan shekara ta gargaɗe shi cewa in ta ce "ni" a waƙa, wani mutum ne da ta ƙaddara, ba ita ba. Wannan gargaɗi ya shafi Whitman ma, wanda "ni" ɗinsa ke zama bawan da karnuka ke bi, ya zama ɗan kwana-kwana da gini ya danne, abubuwan da ba su taɓa samunsa ba. Su biyun ba su taɓa haɗuwa ba. Da Higginson ya tambaye ta game da Whitman, cewa ta yi ba ta karanta littafinsa ba, an dai gaya mata abin kunya ne.

Ki kula da bugun da kike karantawa, domin a nan ɗalibai da yawa ke yin asara ba su sani ba. Littafin Dickinson na farko ya fito a 1890 a hannun Higginson da Mabel Loomis Todd, waɗanda suka laƙa wa waƙoƙin sunaye, suka cire yawancin layukan tsayawa, suka gyara wasu kalmomi domin amsa-amo ya zauna. Sai a 1955 Thomas H. Johnson ya fitar da su kusa da yadda ta rubuta, R. W. Franklin kuma ya sake tantance su a 1998. Da yake tsohon bugun ba shi da haƙƙin mallaka, shi ne ya fi yawo a intanet. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki ƙirga baitocin waƙar keken dokin. In kin ga biyar, kuma an sa mata suna The Chariot, to bugun 1890 ne, wanda ya cire baiti na huɗu ɗungurungum, sai ki nemi mai shida. Game da Whitman kuwa, ki fara da Song of Myself a bugun 1855, inda ba a riga an sa mata suna ko an kasa ta kashi 52 ba, ki karanta ta da murya a zama biyu ko uku, sannan ki koma bugun ƙarshe na 1891 zuwa 1892 domin waƙoƙin yaƙi da marsiyyar Lincoln.